Baffa Sambo da Kunyar Ɗan Fari

Duk wanda ya saba bin hanyar Gwandu zuwa Dodoru da yamma ya san Baffa Sambo, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne siriri, kullum da malafa, sandarsa a gicciye bisa kafaɗu, hannuwansa a rataye a kanta. Yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. In ka gaishe shi zai amsa maka da kyau, ya tambayi gida, ya tambayi ruwa, daga nan sai ya mai da ido kan shanunsa, kai ma ka san gaisuwa ta ƙare.

Rugarsa tana bayan gonar mahaifina. Kowace shekara in an gama girbi shanunsa ne ke kwana a gonarmu, su ci kara su bar mana taki. Matarsa Inna Dije ta riƙa aiko mana da nono, mu kuma mu kai musu damin gero. A nan na saba zama kusa da shi bayan la'asar. Ba mai yawan magana ba ne, sai mutum ya yi haƙuri da shirunsa. Don haka kaɗan ne daga cikin wannan labari na ji daga bakinsa. Mafi yawa yayarsa Goggo Rabi ce ta ba ni, sai Malam Attahiru hedimastan makarantar Gwandu, sai wani abokinsa na Kalgo da zan ambata in an zo wurin.

Baffa Sambo bai gaji shanu ba. Yana ƙarami annobar bushiya, ciwon nan da ke kwantar da garke ɗungurungum, ta share na mahaifinsa, ba ta bar ko maraƙi ba. Ya ce mini abin da ya fi tunawa shi ne tsohon yana zaune bakin turke da igiyoyi a hannu, babu abin ɗaurewa. Da kiwon shanun mutane ya girma, har ya sami karsana ɗaya tasa, daga ita garkensa ya tashi. Da malaman dabbobi suka fara zuwa yi wa shanu allura, makiyaya da yawa sun kwashe garkensu sun shige daji, don an ce allurar ce ke kashewa. Shi ya kai nasa. Shekarar da ciwon ya sake leƙowa, nasa suka tsira. Abin da ya tsaya masa a rai, in ji shi, malamin da ya yi allurar yaro ne, ko gemu bai fara ba, amma yana duba kwalba ya karanta abin da ke jikinta, ya san abin da dattawa ba su sani ba.

Shi ya sa lokacin da aka zo neman yaran da za a sa makarantar boko, ana ta ɓoye 'ya'ya a rumbu, wasu ana tura su wurin dangi a ƙauyuka, shi bai ɓoye nasa ba. Bai kuma ce a ɗauka ba. Goggo Rabi, wadda yaron ke hannunta, ita kawai ya gaya wa cewa in masu neman sun zo, kada ta rufe ƙofa.

Yaron sunansa Lawali, shi ne ɗansa na fari. Kowa ya san kunyar ɗan fari a ƙasarmu: uba da uwa ba su kiran sunansa, ba su yabonsa, ba su nuna sun damu da shi a gaban mutane. Amma ta Baffa Sambo ta fi ta kowa tsanani. Tun da aka yaye Lawali ya miƙa shi ga Goggo Rabi, wadda yake kira Adda, wato yaya, tana zaune cikin garin Gwandu tana sayar da fura da nono, daga ranar kuma yaron ya zama "yaron Adda" a bakinsa. Akwai wani mai sayar da igiya a kasuwa shi ma Lawali, shekara da shekaru Baffa Sambo yana ciniki da shi, bai taɓa kiransa da komai ba sai "mai sunan yaron Adda". In yaron ya zo ruga ya durƙusa ya gaishe shi, sai ya amsa yana kallon wani wuri, kamar da iska yake gaisawa.

Matsalar gidan ita ce kurkunu. Kusan kowace damina sai tsutsar ta fito masa a ƙafar hagu, ƙafar ta kumbura, ya kwanta ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan. An sha gaya masa ruwan tafki ne, ya riƙa tacewa, ya ce kakanninsa daga tafkin suka sha. Wannan taurin kai nasa ban taɓa iya kare shi a kai ba. Ga shi damina ita ce lokacin da kiwo ya fi wuya, ko'ina shuka, in ka ɗauke ido kaɗan saniya ta faɗa gonar wani. Sauran 'ya'yansa mata ne ƙanana. Bai taɓa aikawa a kira Lawali ba, ko sau ɗaya. Amma da zarar mata masu kawo nono gari sun ce ƙafar ta tashi, sai yaron ya tattara littattafansa a jakar fata ya kama hanyar Dodoru. Goggo Rabi ta yi faɗa, Malam Attahiru ya yi bulala har ya gaji ya daina. Sai ƙafar ta lafa Lawali ke komawa aji.

Saboda haka makinsa na aji bai taɓa yin kyau ba. Wani zangon ya rasa rabin darussa, wani zangon ya rasa jarrabawar gaba ɗaya. In an jera 'yan aji yakan faɗo tsakiya, wani lokaci ƙasa da tsakiya. Amma yaro ne mai kai. A gindin itace yake karatunsa, ido ɗaya kan littafi, ɗaya kan shanu. Da aka yi babbar jarrabawar shiga kwaleji a 1956, wadda yaran lardi duka ke zaunawa rana ɗaya, sai ga Lawali ya wuce duk yaran Gwandu, har waɗanda ba su taɓa fashin makaranta ba.

Goggo Rabi ta aje ƙwaryarta a ƙofar ofishin Malam Attahiru ta ce ya gaya mata gaskiya, yaron zai sami kwalejin Zariya ko ba zai samu ba. Malam ya buɗe tafukansa biyu kamar ma'auni. Ya ce a wannan hannu ga jarrabawa, da ita kaɗai ake dubawa da ba sai ta tambaya ba. A wannan kuma ga makin aji da yawan fashi, da su kaɗai ake dubawa da bai ma aika sunansa ba. Guraben kaɗan ne, akwai kuma yaran da jarrabawarsu ba ta kai tasa ba amma makinsu bai taɓa sauka ba. Baturen makaranta zai zagayo ya ga kowane yaro da ubansa, shi ne zai ce ga hannun da ya fi nauyi. Goggo ta ce ita a sana'arta ɗanɗanawa ake yi a saya, ba wanda ke tambayar yadda nonon jiya ya kasance. Malam ya yi dariya ya ce gaskiya ne, amma Bature ba nono ya zo saye ba, saniyar ya zo saye.

Da kaka Baturen ya zo. Yana jin Hausa sosai, ba ya bukatar tafinta. Goggo Rabi ta so shiga da yaron, aka ce uba ake nema. Baffa Sambo ya zo da rigarsa ta Juma'a, ƙafar ba ta daɗe da warkewa ba. Malam Attahiru ya yi niyyar zama a ciki in an zo kansu, amma daidai lokacin aka kira shi waje kan abincin baƙi. Sai ya zama daga Bature sai uba sai ɗa.

Lawali ne ya gaya wa Goggo yadda aka yi. Baffa Sambo ya zauna a ƙasa, ya ɗan juya wa yaron baya. Bature ya tambaye shi ko wannan ɗansa ne, ya ce haka mutane ke cewa. Ya tambaye shi ko yaron yana da ƙoƙari, ya ce yaro ne kamar sauran yara, shi bai ga wani abu gare shi ba. Sai Bature ya aje alƙalami ya ce ga abin da ya dame shi: jarrabawar yaron ta yi kyau ƙwarai, amma kowace damina ba ya makaranta. In an kai shi Zariya, uban yana so ya zauna har ya gama?

Baffa Sambo ya ce, "Yadda kunka gani, ranka shi daɗe. In kun ɗauka, to. In kun bari, shanu na nan."

Ya fito hankalinsa kwance. A ganinsa ya yi abin da ɗan mutunci ke yi: baƙo ya tambaye shi ɗan fari a gaban ɗan, bai zubar da girmansa ba. Duk wani dattijon Gwandu da zai ji waɗannan amsoshi zai gane mutumin nan yana ji da ɗansa. Ya wuce kasuwa ya sayi gishiri, ya koma ruga.

Lawali kuwa ya san yadda Bature ya ji maganar, don ya ga lokacin da ya ɗauki alƙalami ya yi rubutu gajere. Ya koma gidan Goggo, aka ba shi tuwo ya ce ba ya jin yunwa.

Da yamma Malam Attahiru ya sami Bature a masauki ya bayyana masa al'adar. Bature ya saurare shi da kyau, ya ce bai ƙaryata shi ba. Amma ya ce ya sha kai yara kwaleji a kan maganar malamansu, damina ɗaya su gudu gida, gurbin ya tafi a banza alhali ga wani yaron da aka hana. Kowane malami yana roƙa wa ɗalibinsa. Shi abin da ya ji daga bakin uban shi ya rubuta, in kuwa akwai wata magana, daga bakin uban yake son jinta. Da safe zai wuce Kalgo ya ga yaran can, daga nan Birnin Kebbi, daga nan Sakkwato inda za a yanke.

Washegari bayan motar Bature ta tashi, Malam Attahiru da Goggo Rabi suka kama hanyar Dodoru. Suka tarar da Baffa Sambo yana ɗaure maruƙa a dangwali, doguwar igiyar nan da ake jera su a kai. Goggo ko zama ba ta yi ba.

Ta ce, "Sambo, mi kac ce ma Bature?"

Ya ce abin da aka tambaye shi ya amsa.

"Kac ce ba ka ga komi ba ga yaron?"

"Adda, ƙaƙa zan yabi ɗan fari gaban baƙo, shina zaune shina ji? Haka tsohonmu zai yi."

"Tsohonmu Bature ya taɓa tambaya tai? Wanga mutum in kac ce mai saniyarka ba ta da nono, ba ya cewa kawaici kake. Wucewa zai yi shi sayi ta maƙwabci."

Ta ci gaba. Ta ce ita ta goya yaron, ita ta yi jinyar ƙyandarsa, in yabo ake so za ta yabe shi daga hantsi har faɗuwar rana, amma ba bakinta ake nema ba. Ta ce shi Sambo tun yana ƙarami kansa kamar dutsen niƙa yake, ga shi ya tsufa bai yi laushi ba. Inna Dije tana daga bakin bukka tana burga nono, ita ma kunyar ta hana ta sa baki, amma Goggo ta ce ta lura maburgin ya tsaya a hannunta. Malam Attahiru ya bari sai da Goggo ta huce, sa'an nan ya maimaita maganar Bature a hankali, bai ƙara ba bai rage ba.

Baffa Sambo ya gama ɗaure maruƙan duka kafin ya yi magana. Tambaya ɗaya ya yi, ya ce Baturen zai daɗe a Kalgo? Malam ya ce ba zai daɗe ba, yaran can ba su da yawa.

Bai ce zai je ba. Ya shiga garke ya kamo wata jar karsana, wadda kowa ya san ita ce ya fi so, ya ja ta zuwa bukkar Isa. Isa ɗan wani ɗan'uwansa ne da ya rasu, saurayi mai hankali, sabon aure, amma ba shi da ko saniya ɗaya. Ya miƙa masa igiyar. Makiyaya suna da irin wannan aro: karsana ta zauna hannunka, abin da ta haifa naka ne, in garkenka ya kafu ka mai da uwar. Ba lada ba ne, zumunci ne, amma wanda aka yi wa shi ba ya barin garken mai ita ya rasa makiyayi. Isa ya gane abin da ake nufi ba tare da an faɗa ba. Daga baya Baffa Sambo ya ce mini ba zai je wa mutum da baki kawai ba, don tambayar Baturen tambaya ce ta gaskiya: in yaron ya tafi, wa zai bi shanu da damina?

Goggo ta ce ya hau jakinta. Ya ƙi. Inna Dije ta cika masa gora da fura, ya rataya, ya ɗauki sanda.

Kalgo ba baƙon wuri ba ne gare shi. Kowane rani can yake gangarawa da shanu fadama, ya san burtalin da ya yanke ta daji ba sai ya bi hanyar mota ba. Sai dai da shanu ake binsa a hankali, ana tafe ana kiwo, ba da gaggawa a kan ƙafa mai sabon tabo ba. Kafin rana ta faɗi gyambon ya buɗe. Ya kwana a wata ruga, mutanen rugar suka ɗaure masa da ganye, gari na wayewa ya ci gaba.

A Kalgo yana da mai masauki, Hamidu mai kanwa, Babarbare, wanda yake sayen kanwar shanu a wurinsa tun suna samari. Tsakanin Fulani da Barebari kuwa sai wasa. Hamidu yana hango shi daga rumfa ya ce lale da bawansa, ko shanun ne suka gaji da shi suka koro shi, don bai taɓa ganin Bafillace a Kalgo da kaka ba kuma babu ko wutsiya a bayansa. Baffa Sambo ya ce tun yaushe bawa ke tambayar ubangidansa abin da ya kawo shi. Sai Hamidu ya ga ƙafar, ya bar wasa, ya kawo ruwa. Baffa Sambo ya ce wankin ƙafa ya jira, ya raka shi makaranta tukuna.

Sun tarar Bature ya gama, yana zaune a inuwar baranda ana sa kayansa a mota. Wurin cike yake. Ga malaman makarantar, ga iyayen yara ba su watse ba, a cikinsu har da dattawan Fulani na fadamar Kalgo waɗanda suka san Baffa Sambo, suka san mahaifinsa. Hamidu ya ce mini da ya ga dattawan nan sai ya raɗa wa Baffa Sambo ko su jira mutane su ragu. Amma direba ya riga ya ta da mota.

Baffa Sambo ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi gaisuwa. Ya ce daga Gwandu yake, kan maganar yaron da aka tambaye shi. Bature ya dube shi, da alama fuskar ba ta zo masa ba. Ya ga iyaye da yawa a wannan zagaye, kusan kowa da malafa. Ya ce wane yaro?

Ya ce yaron Adda Rabi.

Bature ya ce bai san Rabi ba.

Ya ce dogon nan, mai zuwa da jakar fata.

Bature ya ce ya yi haƙuri, ya faɗi sunan yaron kawai.

Hamidu ya rantse mini da ya san sunan da ya faɗa ya fisshe shi. Amma duk shekarun nan da suke tare, shi ma "yaron Adda" kawai ya sani. Baffa Sambo yana durƙushe, ya kafa sandarsa a ƙasa ya riƙe ta da hannu biyu. Ya daɗe a haka, har wani malami ya matso zai sallame shi.

Sai ya ce, "Lawali. Ɗana ne, na fari."

Hamidu ya ce muryar ba ta yi ƙarfi ba, amma babu wanda bai ji ba. Ɗaya daga cikin dattawan ya kau da kai, ya ja rawaninsa ya rufe baki. Baffa Sambo bai dubi kowa ba, ya ci gaba.

"Ranka shi daɗe, abin da nic ce Gwandu kunya ce irin tamu, ba shi ne cikina ba. Yaron shina da ƙoƙari, ban ga na biyu nai ba. Fashin da shika yi, ba ni ka kira nai ba, shi ka zuwa da kai nai saboda wagga ƙafa. Yanzu na samu mai bin shanu, na ba shi karsana. In kun kai shi Zariya, ko ƙafar ta ruɓe, ba shi dawowa sai kun sallame shi. Ina so shi tahi."

Bature ya dubi ƙafar, ya tambayi ko a kanta ya zo daga Gwandu. Hamidu ne ya amsa, ya ce a kanta, don Bafillace gara ya mutu da ya hau jaki. Mutane suka yi 'yar dariya, abin ya ɗan saki. Bature ya sa aka sauko da jakarsa daga mota, ya nemo takardar yaran Gwandu, ya yi rubutu mai ɗan tsawo. Ya ce ba zai yi alkawari ba, don ba shi kaɗai ke yankewa ba, makin ajin kuma yana nan yadda yake. Amma ya ji, kuma zai faɗi abin da ya ji a Sakkwato. Ya umarci wani malami ya kai mutumin nan ɗakin magani a duba masa ƙafa.

Ba kowa ne ya yaba ba. Suna fita, dattijon nan mai rawani ya ce wa na kusa da shi, yadda za a ji, boko ya fara cin kunyar mutane tun kafin 'ya'yansu su gama shi. Baffa Sambo ya ji, ya tsaya ya gaishe shi da ladabi kamar bai ji ba, ya wuce. Har yau akwai masu faɗin haka a fadamar Kalgo, shi kuma bai fasa kai shanunsa can da rani ba.

Ya yi 'yan kwanaki a gidan Hamidu har ƙafar ta yarda ta taka. Hamidu ya ce a kwanakin nan ya yi ta tsokanarsa da komai, da rowar nono, da tsoron jaki, amma bai taɓa tsokanarsa da abin da ya faru a baranda ba. Da ya koma Dodoru babu wanda ya tambaye shi, shi ma bai ba da labari ba. Masu zuwa cin kasuwa ne suka kawo wa Goggo Rabi, ita ta gaya wa Lawali. Ta ce yaron yana ji ya tashi ya fita bayan gida, ya daɗe bai shigo ba.

Jiran ya yi tsawo. Malam Attahiru ya ce shi kansa ya cire rai, don ya san irin yaran da ake gwada Lawali da su, 'ya'yan Sakkwato da Argungu da Birnin Kebbi waɗanda makinsu bai da tabo. Sai gab da ƙarshen shekara saƙo ya zo an ɗauke shi. Malam ya hau kekensa ya je ruga da kansa. Baffa Sambo ya saurara, ya ce madalla, Allah ya saka wa Malam da alheri, ya tambaye shi labarin iyali. Amma da Malam zai tafi sai ya ga an ɗaure masa tulun man shanu a bayan keke.

Ranar tafiya Goggo Rabi ce ta raka yaron tasha, tana ta yi wa yaron mota faɗa kan inda ya sa akwatin. Baffa Sambo bai je ba. Sunan ma bai sake fita daga bakinsa ba, yaron ya koma "yaron Adda" kamar da.

Damina ta zo, kurkunu ya fito, wannan karon har wuri biyu. Na je duba shi na tarar yana kwance a bukka, Isa ya fita da shanu tun hantsi. Ina nan zaune wani mai fataucin fata daga Dalijan ya shigo sallama, ya ce Zariya za shi, ko akwai saƙo. Inna Dije ta kawo dakakken gero da man shanu ta aje ba ta ce na wane ne ba. Bafataken ya dubi ƙafar ya ce in yaron ya tambaye shi jikin tsohon fa, me zai ce? Shi dai ba zai yi ƙarya ba.

Baffa Sambo ya ce ba wanda ya sa shi ƙarya. Ya ce, "In ya tambayi ƙafa, ka ce ciwon ya tashi. Ka ce kuma Isa na tare da shanu, ni kuma na yi ma Bature alkawari gaban mutane."

Bafataken ya isar da saƙon yadda aka ba shi. Lawali ya zauna a Zariya har aka tashi hutu, ya rubuta jarrabawar zangon damina daga farko har ƙarshe, abin da bai taɓa yi ba tun da ya shiga makaranta.